Kundin aikin kumbona: zafi, makamashi da kilo

4 ga Janairu

To bismillah. Na daɗe ina cewa zan fara zan fara, yau dai na buɗe Excel na sa wa fayil ɗin suna "kumbo". Ba wani gagarumin abu ba ne, lissafi ne kawai: a ce mutum 3 a cikin kumbo suna zagaya duniya har kwana 14, nawa ne zafin da za su fitar su da injinan da ke tare da su, ta ina zafin zai bi ya fita, kuma kilo nawa fitar da shi zai ci. A gefe kuma na tanadi tsohuwar kula, ƙaramin ƙwan fitila mai wat 5, batir, da ma'aunin zafi mai doguwar waya. Kular ita ce kumbon, ƙwan shi ne ɗan sama jannatin. Ƙanwata ta leƙo ta ce "Yaya wannan kumbon naka ko saman tebur ba zai bari ba". Ba komai, ta yi ta yi.

Kafin in taɓa komai na rubuta abin da nake zato a layin farko don kada gobe in yi wa kaina ƙarya in ce ai dama na sani: "babbar matsalar kumbo sanyi ce, sai an tanadi hita mai ƙarfi".

Sai kuma maganar kalma. Nauyi kala biyu ne a wannan aikin. Akwai wanda sikeli ke ji saboda duniya na janyo ka ƙasa, shi ne yake ɓacewa a cikin kumbo mutum ya yi ta shawagi, akwai kuma yawan abin da ke cikin jikin abu, wanda ko ina ka kai shi yana nan yadda yake. Duk inda na ce kilo a nan na biyun nake nufi.

7 ga Janairu

Na fara da mutum don shi ne injin da na fi sani.

Kalori 2,000 ɗin nan da ake cewa babban mutum na ƙonawa a yini, kowace ɗaya jul 4,184 ce (jul ma'aunin makamashi ne), ka ninka ya ba ka jul miliyan 8.4 ko kusa da haka, ka raba da daƙiƙoƙin yini guda wato 86,400, sai ga 97. Wat 97, tunda wat ɗaya jul ɗaya ne a daƙiƙa. Sai da na sake dannawa sau biyu. Ashe kowannenmu ƙwan fitila ne irin na da mai wat 100, kuma wanda ba shi da makunni, kana barci yana ci kana zaune yana ci. Kusan duka wannan makamashin zafi yake komawa, don ko tsoka in tana aiki kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke zama motsi, sauran zafi, kuma a rufaffen ɗaki shi ma motsin daga baya zafi yake zama, ka tuƙa keken motsa jiki ƙarfin ya tafi cikin birkin keken, birkin ya ɗau zafi, zafin ya dawo cikin iskar da kake shaƙa. Su kuma 'yan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kusan awa 2 suke motsa jiki kullum don kada ƙashi da tsoka su zaizaye, shi ya sa na ba kowane mutum wat 120 a teburina. Su uku wat 360.

Na yi wani ɗan lissafi da ya ba ni tsoro. Jikin mutum mai kilo 70 yana buƙatar wajen jul 245,000 kafin zafinsa ya hau digiri 1. Wat 100 na awa ɗaya jul 360,000 ne. Kenan in aka toshe maka duk wata hanyar fitar da zafi, kusan digiri ɗaya da rabi za ka riƙa hawa duk awa, daga 37, kafin awa 3 ka kai inda likita zai tashi tsaye. Ba cuta, ba rana, kai ne kawai kake dafa kanka.

Wani abin mamaki da na tsinta a hanya, ba ya cikin aikin amma ba zan iya ƙin rubutawa ba: in aka raba duk ƙarfin da rana ke fitarwa da kilonta, kowane kilo na rana wat 0.0002 kawai yake bayarwa, kilo ɗaya na jikina kuma wat 1.4. Kilo da kilo na fi rana zafi sau dubbai. Girma ne kawai ta fi ni.

11 ga Janairu

Dare uku ina auna kaina, kafin in kwanta da kuma da na farka, kafin in sha ruwa ko in zagaya. Sikelin ba wani mai kyau ba ne, giram ɗari-ɗari yake tsallakawa. Daren farko na rage giram 400, na biyu 300, na uku 500. Ina kwance, ban yi komai ba.

Da farko zuciyata ta ce ai shi ne abin da na ƙona, ya zama zafi ya tafi. Haka yawancinmu muke ɗauka, wai kitse yana narkewa ya zama makamashi. Sai na ce bari in gwada da fomular Einstein tunda ita ce ke haɗa kilo da makamashi: ka raba jul miliyan 8.4 da gudun haske sau gudun haske. Amsar ta fito da sifili-sifili har na gaji da ƙirga su, bai kai kashi ɗaya cikin miliyan goma na giram ɗaya ba a yini guda. To ina giram 400 ɗina suka tafi?

12 ga Janairu

Ta hanci suka fita, da ta fata.

Kitse da sukari ba ɓacewa suke ba, haɗuwa suke da oksijin su zama iskar kabon dayoksaid da ruwa. Wasu masu bincike biyu a Ostiraliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun bi diddigin abin a 2014: in mutum ya rage kitse kilo 10, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin kabon dayoksaid, kilo 1.6 kuma ruwa. Alƙaluman da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ke aiki da su ma sun tafi a kan haka, ɗan sama jannati ɗaya yana shaƙar oksijin wajen kilo 0.84 a yini ya fitar da kabon dayoksaid wajen kilo 1. Iskar da ke fita ta fi wadda ke shiga nauyi saboda ta ɗauko kabon daga jikinka. A dare ɗaya wannan bambancin bai wuce giram 50 ba, sauran giram 350 ɗina ruwa ne, tururin numfashi da zufar da ba a ma ganinta.

A nan ne abin ya fara yi mini daɗi, don ruwan nan ba haka kawai ya tafi ba. Kowane giram na ruwa da ya zama tururi a kan fata yana tafiya da jul wajen 2,400. Giram 350 kenan jul 840,000, a awa 8 ya kama wat 29. Wato jiki kilo yake biya don ya rabu da zafi. Yana zubar da abu, abin ya tafi da zafin. Na ja layi a ƙarƙashin wannan don ina jin zan sake haɗuwa da shi.

Teburin mutum 3 na kwana 14: oksijin kilo 35, kabon dayoksaid da za a kwashe daga iska kilo 42. In da sinadarin litiyam haidiroksaid za a kwashe shi kamar zamanin Apollo, kumbunan Amurka da suka kai mutane duniyar wata, kowane kilo na iskar sai ya ci sinadari fiye da kilo ɗaya, ban da gwangwanin da ake zuba shi.

19 ga Janairu

Kula ta fara aiki. Ɗakin yana digiri 27, na kunna ƙwan na rufe, a hankali ya hau har ya tsaya a 41 ya ƙi gaba. Ma'ana a nan ne zafin da ke sulalewa ta bangon kular ya yi daidai da wat 5 ɗin da ƙwan ke zubawa. Na sa gorar ruwa lita ɗaya a ciki na sake, hawan ya yi sanyin jiki sosai amma daga ƙarshe can wajen 41 ɗin ya nufa. Kilo ba ya hana zafi taruwa, jinkirta shi kawai yake yi.

Sai na ce bari in kwaikwayi Lavoisier da Laplace, mutanen Faransa da suka sa ɓeran masar a cikin tukunya kewaye da ƙanƙara wajen 1782, suka auna ruwan da ya narke suka gane zafin da dabba ke fitarwa, suka nuna numfashi wani irin ƙonewa ne a hankali. Giram ɗaya na ƙanƙara jul 334 yake sha kafin ya narke, to wat 5 ya kamata ya narkar da giram 54 a awa. Na auna ruwan, giram 120. Na sake, 115. Na zauna ina kallon ƙwan kamar shi ya ci amanata, har na fara zargin batir, sai can da daddare ya faɗo mini: ai yanzu cikin kular ya fi ɗakin sanyi, zafin ɗaki ne ke kutsowa ta bango. Na kashe ƙwan na auna ƙanƙara ita kaɗai, giram 68 a awa. Ka cire, saura wajen 50. Alhamdulillahi. Ashe shi ya sa su Lavoisier suka yi wa tukunyar tasu riga ta biyu ta ƙanƙara a waje, su sun hango abin tun shekara 240 da suka wuce, ni sai da na ɓata wuni.

A wannan ma'aunin mutum ɗaya zai narkar da ƙanƙara fiye da kilo ɗaya duk awa.

26 ga Janairu

Yau na ci karo da iyakar kulata. Ita tana zubar da zafinta ne a cikin iskar ɗaki, kumbo kuma ba shi da iskar da zai zuba wa. A nan duniya hanya uku zafi ke bi: ya bi ta jikin abin da ka taɓa, ko iska ko ruwa su ɗauke shi su tafi, ko ya fita a matsayin hasken da ido ba ya gani irin wanda kake ji a fuska in ka tsaya nesa da wuta. A sararin samaniya biyun farko babu su. Filas ɗin ruwan zafi ma dabararsa kenan, bango biyu an zuƙe iskar tsakaninsu an shafe su da abu mai ƙyalli. To kumbo filas ne, sai dai an kunna hita a cikinsa an zuba mutane.

Fomular hanya ta uku ita ce ta Stefan da Boltzmann, zafin jikin abu sau kansa har sau huɗu, a ninka da wata 'yar ƙaramar lamba. Na zuba digiri 33 na fatar mutum, ta ba ni wat 0.07 a kowace murabba'in mita. Na ce kai, kenan mutum ba zai taɓa hucewa ba. Awa guda ina murna na gano abu, ashe shirme na yi, a ma'aunin Kelbin ake sakawa, wanda ake ƙara wa digirinmu 273, wato 306 ba 33 ba. Da na gyara sai ga kusan wat 500 a murabba'in mita. A ɗaki ba ma jin wannan asarar don bango da rufi suna maido mana da wajen 450, a can kuwa in ka juya wa rana da duniya baya ba mai maido maka da komai.

To kenan zatona na ranar farko yana da ɗan gaskiya, abu tsirara a inuwa zai huce. Amma ba irin daskarewar nan take da ake nunawa a finafinai ba, awanni zai ɗauka, kuma kafin nan rashin iska ya gama da mutum, tun cikin daƙiƙa 15 na farko hankali ke gushewa. A 1966 wani ma'aikacin NASA, Jim LeBlanc, tiyon rigarsa ya cire a ɗakin gwajin da aka zuƙe wa iska, abin da ya tuna kafin ya suma shi ne yawun bakinsa na tafasa a kan harshe. Ya rayu.

Matsalar ita ce ɗaya gefen. Rana tana zuba wat 1,361 a kan kowace murabba'in mita da ta kalle ta, tashar sararin samaniya kuma tana zagaya duniya cikin minti 90 da 'yan kai, sau 16 a yini tana shiga rana tana fita, gefen rana zai iya kai digiri 120, gefen inuwa ya sauka ƙasa da sifili da 150. Ba injin da zai jure wannan wasan, dole a naɗe kumbo da bargo mai falle-falle na leda mai ƙyalli. Da ka naɗe shi kuma ka rufe wa zafin ciki ƙofa. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa.

2 ga Fabrairu

Na goge layin farko. A'a, ban goge ba, na ja masa layi a tsakiya don in riƙa gani.

Na ƙiyasta wa injinan kumbona wat 2,000, kwamfuta da rediyo da famfo da fanka da fitilu, wannan zaɓina ne kawai don lissafi ya tafi. Da na mutane ya kama wajen 2,400. Duk wutar lantarkin da ta shiga inji zafi take komawa, ba sauran da ke ɓacewa. Hanya biyu ce ta fitar da shi.

Ta farko lagireto. Ba irin na mota da iska ke bugawa ba, faffaɗan faranti ne fari da ruwan sanyaya ke bi ta cikinsa yana haskaka zafin zuwa sarari. A tashar sararin samaniya ruwa ne ke zagayawa a ciki inda mutane suke, ya miƙa zafin ga amoniya a waje, don amoniya ba ta daskarewa sai ƙasa da sifili da 78, amma guba ce shi ya sa ba a shigo da ita ɗaki. Manyan layukan amoniyar guda biyu an yi su ne su fitar da kilowat 70. Fararen fukafukan nan da ake gani a hoto kusa da farantan sola su ne. Faranti mai digiri 7 zai fitar da wajen wat 310 a murabba'in mita, amma duniya ma tana hasko masa nata zafin, na rage zuwa 200. Murabba'in mita 12 kenan. Na ƙiyasta kilo 150 har da famfo da bututu.

Ta biyu zufa. Wlh zufa ce ba wani abu ba. Ana tura ruwa ta cikin wani faranti mai ƙananan ramuka da ke kallon sarari, ruwan ya daskare a ramukan, ƙanƙarar ta riƙa tashi kai tsaye ta zama tururi ba tare da ta narke ba, ta tafi da zafin. Kowane kilo na ruwa yana kwashe jul wajen miliyan 2.5. Wat 2,400 na yini guda jul miliyan 207 ne, ruwa kilo 83 kullum. Kwana 14 ya haura tan ɗaya.

Na zana layukan biyu a jadawali, suka haɗu a wajen kwana 2. Ƙasa da haka zubar da ruwa ya fi sauƙi, sama da haka lagireto. Shi ya sa rigar fita waje ke amfani da ruwa, tasha kuma da lagireto. Mutum mai aiki tuƙuru a cikin riga da injinan bayansa, a ce wat 400 na awa 8, ruwa kilo 4 da rabi ya ishe shi. Layin da na ja ranar 12 ga Janairu ya dawo.

3 ga Fabrairu

Na kasa barci jiya ina karanta labarin waɗanda abin ya faru a kansu, don lambobi daban, mutum a ciki daban.

Alexei Leonov na Tarayyar Sobiyet, mutum na farko da ya fita daga kumbo, 18 ga Maris 1965. Minti 12 kawai ya yi a waje, rigar ta kumbura ta sandare har sai da ya rage mata iska kafin ya iya komawa, zafin jikinsa ya hau kusan digiri 2, zufa ta taru a cikin rigar. Gene Cernan na Amurka a Gemini 9, Yunin 1966, shi rigarsa iska ce kawai ke sanyaya ta, ya yi ta kokawa da kayan aiki ba wurin dafawa, bugun zuciyarsa ya kai wajen 180, tururin jikinsa ya rufe gilashin hular har ya daina gani, dole aka katse aikin. A tsakiyar wurin da muke kira mai sanyi mutum yana neman mutuwa da zafin kansa. Rigunan Apollo da na bayansu sai aka koma wa 'yar ciki mai siraran tiyo, wajen mita 90, ruwa na zagayawa a kan fata yana kai zafin ga farantin ƙanƙarar nan.

Amma an gudu ba a tsira ba. 16 ga Yulin 2013 Luca Parmitano ɗan Italiya yana waje, ruwan sanyayawar ya ɓalle ya shigo cikin hularsa, fiye da lita ɗaya, kuma da yake ba abin da ke jan ruwa ƙasa sai ya manne masa a kai ya rufe ido da kunne da hanci, da lalube ya komo ƙofa.

Sai Apollo 13, Afrilun 1970, wadda ta hana ni yin saurin yanke hukunci. Bayan tankin oksijin kumbon ya fashe 'yan sama jannatin sun kashe kusan komai don su adana batir, da injinan suka yi shiru sai zafin da suke bayarwa ya tafi, mutum uku kuma wat ɗinsu bai isa ya riƙe kumbon ba, ciki ya sauka har wajen digiri 3 zuwa 4, raɓa ta kwanta a bango. Kuma duk da wannan sanyin ruwa suke tattali, kowa wajen mililita 200 a yini, saboda 'yan injinan da suka bari a kunne sai da ruwa ake sanyaya su. Suna rawar ɗari suna jin ƙishi don a sanyaya inji. Skylab kuma, tashar sararin samaniya ta farko ta Amurka, akasin haka, a Mayun 1973 garkuwarta ta yage lokacin harbawa, ciki ya haura digiri 50, sai da ma'aikatan farko suka je suka buɗa mata lema.

To ba sanyi ba ne matsalar, ba kuma zafi ba ne shi kaɗai. An gina kumbo ne a kan wani adadin wat, ka ƙara ya dahu ka rage ya daskare.

15 ga Fabrairu

Kwana 12 ban taɓa aikin ba, wasu hidimomi suka sha kaina.

Na ƙara fanka a teburi, da na manta da ita gaba ɗaya. A nan iska mai zafi tana tashi sama da kanta sabuwa ta maye gurbinta, shi ya sa ko ba fanka jiki ke hucewa. Inda komai ke shawagi ba sama ba ƙasa, iskar da ka ɗumama tana nan lulluɓe da kai, wadda ka fitar ta numfashi ma tana taruwa a gaban fuskarka in kana barci, zufa kuma ba ta ɗiga, taruwa take a fata. Sai an tura iska da ƙarfi dare da rana. Fankar ita ma wuta take ci, wutar ta zama zafi, zafin ya nemi ƙarin lagireto.

Akwai binciken da masana a Berlin suka fitar a 2017 kan 'yan sama jannati 11: zafin cikin jikinsu ya riƙa hawa a hankali har ya kai wajen digiri 38 bayan wata biyu da rabi, lokacin motsa jiki kuma wasu suka haura 40. Ga ɗaki mai sanyi daidai, amma jiki bai iya zubar da zafinsa yadda ya saba.

Na gwada a kula, ƙaramar fankar kwamfuta a ciki tare da ƙwan. Zafin ya tsaya a 43 maimakon 41. Ƙanwata ta ce "Yaya fanka ka sa ko murhu".

22 ga Fabrairu

Me ya sa nake ta ƙirga kilo kamar marowaci. Saboda fomular roka da Tsiolkovsky ya wallafa a 1903. Kafin ka kai falakin duniya kana buƙatar ƙarin gudu wajen kilomita 9.4 a daƙiƙa in an haɗa da asarar hanya, injin haidirojin da oksijin kuma yana feso hayaƙinsa a wajen 4.4, lissafin ya ce rokar da ta tashi sai ta ninka abin da ya isa can sau 8 da rabi, in da kananzir ne wajen sau 17, kuma cikin ɗan abin da ya isa ɗin har da tankuna da injin kansa. Ita ma roka zubar da kilo take don ta samu gudu, kamar yadda jiki ke zubar da kilo don ya rabu da zafi. Saturn V, rokar da ta harba Apollo, ta tashi da wajen tan 2,900, abin da ya dawo duniya da mutanen bai kai tan 6 ba.

Dawowar ma lissafin zafi ce. Kilo ɗaya mai gudun kilomita 7.8 a daƙiƙa yana ɗauke da jul miliyan 30, wajen ninki 7 na abin da kilo ɗaya na nakiyar TNT ke saki, masu dawowa daga wata kuma a kilomita 11 suke shigowa, jul miliyan 60. Dole duk wannan ya zama zafi kafin a tsaya. Dabarar da H. Julian Allen ya kawo a farkon shekarun 1950 ita ce kada a yi wa kumbo tsini, a yi masa faffaɗan gindi, sai iskar da ya danne ta taru a gabansa ta kwashe mafi yawan zafin ta wuce da shi. Ɗan abin da ya rage kuma garkuwa ce ke sha, tana ƙonewa tana zaizayewa tana tafiya da shi, ta Apollo ta ga wajen digiri 2,700. Zufa ce nan ma, sai dai ta roba.

Na sa lambar kitse kusa da wannan don nishaɗi: kilo ɗaya na kitse jul miliyan 37. Ya fi makamashin gudun kilo ɗaya a falaki. Sai dai kafin ya sake shi yana neman oksijin kusan kilo 3, kuma jiki a kwana huɗu da wani abu yake ƙona shi ba a minti goma ba.

1 ga Maris

Teburin ya fara cin kansa. Na ce bari in gwada tafiya mai tsawo, wata 6, in sa injinan da ke maido da ruwa da iska kamar na tasha, inda a 2023 NASA ta ce sun kai ga maido da kashi 98 cikin 100 na ruwa har da na fitsari da zufa, ana kuma fasa ruwa da lantarki a samu oksijin. Kilon ruwa da na oksijin suka faɗi warwas, na ji daɗi, sai na ga injinan sun ƙara wat, wat ya ƙara farantin sola da batir, ya ƙara lagireto, lagireto ya ƙara famfo, famfon ya sake ƙara wat, Excel ya fito mini da gargaɗin cewa ɗakunan lissafin suna bin juna a da'ira. Na kunna masa maimaitawa ya zagaya sau 100, ya tsaya a wata lamba, amma ban yarda da ita ba tukuna don nauyin lagireton da na sa ƙiyasi ne, in na taɓa shi kaɗan ranar da layin ɗaukar ruwa da iska daga gida da na maido da su ke haɗuwa tana matsawa da makonni.

Abu biyu ke gabana wannan makon. In naɗe kular da takardar alminiyam falle biyar da tazara a tsakaninsu in ga ko 41 zai motsa. Sannan in gwada auna kilo ba da sikeli ba, yadda aka yi a Skylab da kujera mai lilo a kan sifirin, mutum ya zauna a ƙirga saurin kai-komonta, mai yawan kilo ya fi jinkiri. Na samo sifirin guda biyu da katako, gorar ruwan lita ɗaya ce za ta fara hawa, in ta ba ni kilo 1 sai in nemi wanda zai ɗauki mutum. Ƙanwata ta riga ta ce ba da ita ba.